Tambaya da Amsa: Binciken Yadda Ake Rubuta Magungunan Ciwon Damuwa a Asibiti

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗaliba ce a fannin harhaɗa magunguna a nan Gombe, ina son in yi binciken kammala karatu a kan yadda likitoci ke rubuta magungunan ciwon damuwa. Shin ya wadatar in ƙirga takardun magani in fitar da kashi cikin ɗari?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Ƙirga takardu mafari ne, amma idan kika tsaya a nan alƙaluman za su ɓatar da ke, kuma amitiriptilin ne zai fara yi miki haka. Tsohon maganin ciwon damuwa ne mai araha, kuma likitoci na rubuta shi ga mutanen da ba ciwon damuwa ya kawo su ba: mai ciwon suga da raɗaɗin tafin ƙafa ke hana shi runtsawa, mai ciwon kai na ɓari ɗaya, har da mai rashin barci. Idan kika buɗe fayil kika ga miligiram 25 da dare, ki duba abin da likita ya ce yana damun mutumin kafin ki sa shi a lissafi. Fayil ɗin da ba a rubuta cuta a ciki ba, kuma za ki ci karo da irinsa, ki ware shi ki bayyana adadinsa, kada ki yi masa zato.

Sai ma'auni. Hukumar Lafiya ta Duniya, ta hannun cibiyarta da ke Oslo a Norway, ta tara waɗannan magunguna a rukunin N06A, ta kuma ba kowanne ma'aunin yini da ake kira DDD, wato abin da baligi kan sha a rana don ainihin cutar da aka yi maganin dominta: miligiram 75 ga amitiriptilin, 20 ga fuluksetin, 50 ga satralin. Ga amfaninsa. Wanda aka rubuta wa amitiriptilin miligiram 25 na kwana 30 ya karɓi miligiram 750, wato DDD 10, shi kuwa wanda aka rubuta wa fuluksetin miligiram 20 na kwana 30 ya karɓi DDD 30. A ƙirgar takardu kunnen doki suka yi, a ma'auni kuwa ɗaya ya ninka ɗaya sau uku. Ga waɗanda aka kwantar, ana lissafa DDD ne a kan kowane kwana 100 na zaman gado.

Jagorar da hukumar ta fitar a 1993 ta nemi aƙalla takardu 600 ga binciken da ya haɗa asibitoci da yawa. Ke da za ki tsaya a wuri ɗaya, kamar Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe, abin da ya fi yawan takardu muhimmanci shi ne yadda kika zaɓe su. Ki ɗauki, misali, kowane fayil na goma, ki ratsa watanni 12, ki kuma lura da lambar kati domin kada mai dawowa duk wata ya zama mutum goma sha biyu a lissafinki.

Gwajin ƙididdiga da ake kira kai-sikweya zai nuna miki ko zaɓin magani ya bambanta tsakanin maza da mata, ko tsakanin sashen masu taɓin hankali da sashen marasa lafiya na yau da kullum. Amma ni na fi son ki ƙara da wani lissafin ƙididdiga da ake kira lojistik rigireshan, a manhajar kwamfuta ta Epi Info ko SPSS, saboda yana auna shekaru, jinsi, sashe da inshorar lafiya a lokaci guda. Dattijo mai ciwon zuciya ana kauce masa amitiriptilin da gangan, don haka bambancin da kika gani tsakanin sassa yana iya zama bambancin marasa lafiyarsu ne kawai. Haka nan idan likita ɗaya ne ya rubuta rabin takardun, ɗabi'arsa kike aunawa, ba ta asibiti ba.

Ki tambayi famasi watannin da wani magani ya yanke, domin abin da aka rubuta daban, abin da aka bayar daban, kuma wanda ya je kemis ya saya ba zai fito a littafinsu ba. Kafin ki taɓa fayil ko ɗaya, ki karɓi izinin kwamitin ɗa'ar bincike na asibitin, sannan ki sa lamba a madadin kowane suna.