Tambaya da Amsa: Akwai sassaucin lampo (haraji) ga mai ƙirƙira?

Tambaya: Salam Malam, ni makeri ne a Marwa, na haɗa injin matsar man gyaɗa da hannuna kuma mata suna ta saye, to amma ina tsoron yin rajista kar lampo ya cinye ɗan jarin. Wai gaskiya ne gwamnati na ragewa masu sabon abu haraji?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya yi wa hannun nan albarka. Eh akwai, tun 2019 gwamnatin Kamaru ta sa jihar Arewa Mai Nisa, inda Marwa take, cikin yankunan da rikici ya karya tattalin arzikinsu, sabon kamfani da ya zuba jari a nan ana ɗauke masa wasu haraji na shekaru, kuma dokar haraji tana rage wa kamfani wani kaso na kuɗin da ya kashe wajen bincike da gwaji. Amma fa duk wannan sai mai takarda, wanda ke aiki a ɓoye ba ya samun ko sisi, abin da ke damuna kenan da makeranmu wallahi. Ka je CFCE, wato ofishin rajistar sababbin kamfanoni, ka yi rajista, ka karɓi lambar NIU, wato lambar shaidar mai biyan haraji, sannan duk ƙarfen da ka lalata wajen gwaji ka ajiye rasit ɗinsa, kar ka yar ko ɗaya.