Auta, kafin ka tura musu ko kwabo ka je ka yi gwajin jini tukuna

Salamu alaikum Auta, ya gida, ya su Inna, ya kuma zafin Sakkwato? Na ji saƙon muryarka har sau biyu, minti tara cur kana zuba kamar kanya ko numfashi ba ka yi. Abin da na fahimta dai ka ga wata ƙungiya a Instagram masu kai matasa ƙauyukan Ladak, wani yanki na arewacin Indiya can saman duwatsun Himalaya, aikin sa-kai na sati shida daga Yuli zuwa Agusta, ka koya ma yara Turanci, kai za ka sayi tikitinka kuma ka biya su kuɗin masauki da abinci da dala, in wannan bai yiwu ba kuma ka ce akwai irinshi a Nefal. Kana son in ce maka e ko a'a tunda ina Indiya kuma na taɓa taka wurin. To ni ban cewa komi sai ka amsa min tambaya guda wadda ko ambatonta ba ka yi ba cikin minti taran nan, mi ne jinotayif ɗinka?

Wallahi ba wasa nake ba. Kai ma ka san akwai sikila a dangin Baba, ka san abin da munka gani gidan Gwaggo. Bari in auna maka tsawon wurin da abin da ka sani. Sakkwato ba ta wuce mita 300 sama da teku ba. Jos da kunka je yawon makaranta kana ta cika mu da labarin sanyi, kamar mita 1,200 ce. Dutse mafi tsawo a duk Najeriya, Chappal Waddi da ke Taraba bakin iyakar Kamaru, mita 2,419 ne. To garin Leh, babban garin Ladak inda jirgi zai sauke ka, yana wajen mita 3,500, wato kana saukowa daga jirgi da jakarka ka riga ka ɗara ƙololuwar ƙasarmu da sama da mita dubu, kuma wannan cikin gari ne da kasuwa da banki. Wasu ƙauyukan sun kai mita 4,000, mashigar Khardung La da motoci ke bi zuwa kwarin Nubra ta haura 5,300. A tsawon Leh duk numfashin da ka ja, kusan kashi biyu cikin uku kawai na iskar oksijin da ka saba samu a gida yake kawo maka.

Mai jinotayif SS, wato mai ciwon sikila, ba a ma maganarshi, wannan tafiya ba tashi ba ce, magana ta ƙare. Matsalar tana ga mai AS, wanda ya gaji sikilar daga gefe guda kawai, don shi lafiya lau yake rayuwarshi, ya buga ƙwallo, ya yi azumi cikin zafin Afrilu, wasu ma sai za su yi aure suke sanin suna da ita. Amma in iska ta yi ƙaranci ga kuma jiki ya bushe, ƙwayoyin jinin suna iya lanƙwashewa kamar lauje su toshe hanyoyin jini na saifa. Da idona na gani. Mu huɗu munka tafi Leh, ɗayanmu ƙato ne majiyi ƙarfi, shi ke ɗaukar ma kowa jaka. Kwana na biyu ya fara riƙe gefen cikinshi na hagu ƙarƙashin haƙarƙari yana cewa olsa ce ta tashi, munka ba shi maganin olsa, munka ba shi ruwan zafi, cikin dare sai ga mutum yana murƙususu yana amai ciwon har kafaɗa. Da anka yi mishi hoton ciki a asibiti likitan ya ɗago ya tambaye shi ko akwai sikila a danginsu, nan ne ya tuna an taɓa ce mishi AS ne tun yana sakandare. Kwana huɗu ya yi da robar oksijin a hanci sannan anka sauko da shi Delhi, ko dutse guda bai hau ba. Ba kowane mai AS hakan ke samu ba, da yawa suna zuwa su dawo lafiya, amma likita ne zai zauna da kai ya yanke wannan, kuma ƙauyen da mota ke yini kafin ta kai asibiti ba wurin gwada sa'a ba ne.

Ni AA ne kuma duk da haka dutsen bai raga min ba. Daga Delhi zuwa Leh awa ɗaya da 'yan mintoci ne a jirgi, na sauko garau ina ɗaukar hoto ina cewa ashe duk kurin banza ne. Kafin Magariba kaina ya fara sara kamar ana daka da taɓarya, matakalar masauki guda goma sai na tsaya sau biyu ina haki kamar tsoho, in na ɗago daga sujada sai ɗakin ya juya. Da dare barci ya fara ɗauka ta sai in zabura ina neman numfashi. Shi ya sa hukumar can ta ce duk wanda ya zo ta jirgi ya huta awa 48 a Leh kafin ya ƙara gaba, kuma ƙa'idar likitocin dutse ita ce in ka wuce mita 3,000 kada wurin kwananka na yau ya ɗara na jiya da fiye da mita 500. Akwai ƙwayar da ake sha, Diamox, amma likita ne zai rubuta maka, ba kemis ɗin bakin layi ba. In mutum ya fara tari mai kumfa, ko yana haki alhali a zaune yake, ko yana tangaɗi yana magana ba kan gado, to ruwa ne ya taru a huhu ko ƙwaƙwalwa ta kumbura, maganin kawai a sauko da shi ƙasa nan take ko da tsakar dare ne. Don haka ka rubuta ma mutanen nan ka tambaye su sunan ƙauyen, mita nawa ne tsawonshi, awa nawa ne zuwa asibiti, akwai tukunyar oksijin, akwai motar da ke kwana a wurin. In sunka fara kwana-kwana suna turo maka hoton tafki mai shuɗin ruwa, ka san inda ka dosa. Inshora ma ka karanta da kyau, da yawa ba su biya in abin ya faru sama da wani tsawo da sunka ƙayyade.

Nefal kuwa ka cire ta a lissafi a watannin nan. Yuni zuwa Satumba damina ce sosai can, ƙasa na zaftarewa ta rufe hanya, ga matsattsaku cikin ciyawa, kuma mai fasfon Najeriya ba ya cikin waɗanda ake ba biza a filin jirginsu, sai ka nema tun kafin ka tashi. Sannan duk inda ka ji aikin sa-kai a gidan marayu ka ja baya, an sha bankaɗo cewa yara da yawa a irin gidajen nan iyayensu na raye, an kwaso su ne daga ƙauye don baƙi su zo su ji tausayi su zuba kuɗi. Ladak ita duwatsun ne ke tare mata hadari, ruwan da Leh ke samu a shekara bai wuce milimita 100 da ɗan wani abu ba, Sakkwato da ake mana gori da hamada ta ninka shi wajen sau shida. Amma ran da ruwan ya zo da ƙarfi ɓarna yake, a Agustan 2010 ambaliyar dare ɗaya ta kashe sama da mutum 200 a Leh da kewaye.

Maganar takardu. Biza ofishin jakadancin Indiya za ka nema, kuma ka faɗa musu gaskiyar abin da zai kai ka, da wasiƙar gayyata daga ƙungiya mai rajista a Indiya da lambar rajistar a jiki. Kada wani ejan ya ce maka ka rubuta yawon buɗe ido kawai ba komi, ran da anka tare ka ba shi zai amsa tambaya ba. Katin rigakafin shawara dole ne, kuma sai allurar ta kwana goma take aiki, in babu shi suna iya killace ka har kwana 6. Yankin kuma bakin iyaka ne, Fakistan ta nan Sin ta can, a nan anka yi yaƙin Kargil a 1999, a nan sojan Indiya da na Sin sunka gwabza a Galwan a 2020, ko a Satumban 2025 an yi zanga-zanga a Leh mutum 4 sunka mutu anka sa dokar hana fita. Baƙo ba ya shiga wurare irin Nubra da tafkin Pangong sai da wata takardar izini ta daban, kuma kada ka kuskura ka ɗaga waya wajen barikin soja. Layin waya na sa-kati da ka saya a Delhi ba ya aiki can, sai ka yi wani, a ƙauye kuma kana iya kwana uku ba sabis, ka shirya ma Inna wannan tun yanzu. Na kuma ji inda ka ce wai in ka shigo ƙila wata hanya ta buɗe. Babu wata hanya Auta, bizar ta ƙare ka koma. Na san yaranmu da sunka wuce wa'adi a nan, ko asibiti tsoron zuwa suke.

Zaman ƙauyen ma ka san shi. Bayan gidansu na gargajiya ba a zuba ruwa, ɗaki ne a sama da rami, ka gama ka ɗebi ƙasa da shebur ka zuba, daga baya su kwashe ya zama taki. Ranar farko na shiga da butata sai matar gidan ta biyo ni da gudu tana ɗaga hannu, sai da ɗanta ya yi min bayani munka samu wani wuri daban na tsarki. Ruwan alwalar Asuba narkakkiyar ƙanƙara ce, ko a Yuli sai yatsunka sun ƙage, da rana kuma rana ta ƙone ka, leɓe ya tsage fiye da na hunturu. Ruwa na tafasa tun wajen digiri 88, wake sai ya yini bai nuna ba in ba da tukunyar nan mai huci ba. Abinci garin sha'ir ne da suke ce ma tsampa, da miyar taliya, da shayi mai gishiri da man shanu, kofin farko na ɗauka romo ne. Akwai kuma chang, giyar sha'ir ce, ka ce ba ka sha cikin ladabi ba wanda zai matsa maka. Yawancin mutanen gefen Leh mabiya addinin Buddha ne, Kargil kuwa Musulmi sunka fi yawa, galibi 'yan Shi'a, kuma cikin kasuwar Leh akwai tsohon masallacin Juma'a tun ƙarni na 17 da mahauta Musulmi kusa. Alƙibla yamma take, ka daina cewa za ka fuskanci gabas. Kallo kam za ka sha shi, yara har shafa hannuna suke su duba tafinsu, amma ka ce musu julley, gaisuwarsu ke nan, sai dariya.

Abin da ban so shi ne koyar da Turancin nan. Sati shida, ka cire kwana biyu na kwanciya, ka cire kwanakin da yaran za su yi kafin kunnensu ya saba da harshenka, mi ya rage? Kuma mutanen ba jiran mai ceto suke ba, tun 1988 su Sonam Wangchuk, 'yan yankin, sunka kafa ƙungiyar SECMOL don gyara karatun yaransu da kansu. Kai aikin gona kake karanta a jami'ar Danfodiyo, tun kana ƙarami kake bin Baba fadama noman albasa. Su ma da ban-ruwa suke rayuwa, ƙanƙara ta narke su jawo ta ƙananan magudanai, kowane gida da ranar ruwanshi, kuma Yuli da Agusta ne ake tsinkar wani ɗan itace mai zaƙi da suke ce ma chuli ana shanya shi saman rufi. In da ni ne kai wurin da zan riƙe shebur zan nema, na fi amfani a nan kuma na fi koyo, kuma shi za ka iya ba da labarinshi ran da kake neman sikolashif. Ka kuma duba kalandar makaranta, hutun Turawa ne Yuli da Agusta, ku sau da yawa lokacin kuna tsakiyar zango.

Gobe ka je UDUTH, asibitin koyarwa na Danfodiyo, ka yi gwajin, ko an taɓa yi maka ka sake, ka ɗauki hoton takardar ka turo min tare da wasiƙar ƙungiyar da sunan ƙauyen, ni zan bincika rajistarsu daga nan. Inna kuma kai za ka faɗa mata da bakinka, kada ka ce yaya ne ya ce, ban ce ba tukuna. In tafiyar ta tabbata ta Delhi za ka biyo, ka taho min da yaji da kuka, nawa ya ƙare tun azumi.