Amsa ga Hajiyar da bishiyarta ta soma yin ja

Hajiya, sannu da haƙuri. Wallahi da na karanta tambayarki sai da raina ya sosu, don wannan ciwon na san shi. Kin ce kin sayi ɗan supurus ɗin nan mai tsinin kai (gajeren nau'in bishiyar spruce mai ganye kamar allura) a tukunya cikin Disamba nan Kanada, ya zauna a falo har Afrilu, sannan kika dasa shi a jikin bangon gida. Yanzu ga Yuli, gefe guda ya yi ja, ganye na zuba, kina tambaya ko ki ƙara masa taki ne ko ki aske inda ya bushe. Don Allah kar ki yi ko ɗaya tukuna.

Fara da wannan: samo farar takarda, ki tara ta ƙarƙashin reshe, ki bubbuga reshen sau uku ko huɗu. Ki zuba ido. In kika ga wasu ɗige-ɗige kamar ƙura suna motsi, ki murje su da yatsa. In sun bar zane kore, to ƙananan gizo-gizon nan ne masu tsotse ruwan ganye, kuma su ne babban abokin gabar wannan bishiya. Abin baƙin cikin shi ne aikinsu a lokacin sanyi-sanyi suke yi, wajen Afrilu da Mayu, sai kuma Satumba da Oktoba. Ɓarnar ba ta fitowa sai zafi ya shigo. Saboda haka ko ba ki ga komai ba yanzu, ki sake gwadawa a Satumba. In suna nan, ki sa tiyo mai ƙarfi ki wanke bishiyar ciki da waje da sassafe, sau biyu a mako. In sun haura goma a bugu ɗaya, ki fesa sabulun ƙwari na shuke-shuke daidai awon da aka rubuta a jikin kwalba, ki maimaita bayan kwana 7 zuwa 10. Kar ki fesa da rana tsaka, ganyen zai ƙone. Kuma ki guji maganin nan mai kashe kowane ƙwaro, don har ƙwarin da ke cin gizo-gizon yake kashewa, sai su dawo su ninka.

Amma ni masu kantunan nan ne ke ɓata min rai. Su ɗaura masa jan ƙyalle, su yayyafa masa ƙyalƙyali, su jera shi kusa da furannin ɗaki, ba mai gaya miki cewa wannan bishiyar dajin sanyi ce. A 1904 aka tsinto asalinta a duwatsun Alberta, nan Kanada, kusa da tafkin Louise. Abin da ya saba da dusar ƙanƙara, ta ina zai jure hita wata huɗu? Mako guda, in ya yi yawa kwana goma, shi ne iyakarsa a cikin ɗaki. Sun sani sarai, sun yi shiru. In ka koma da ƙorafi su ce ruwa ne ba ka ba shi ba, su nuna maka wata tukunyar ka saya. Allah ya isa dai. Ba kuɗin ke da ciwo ba, a'a, ka wayi gari ka shafa reshe ganye ya zubo maka a tafin hannu, ka leƙa ciki ka tarar duk ya mutu tun tuni, kai kuma kullum kana ta ban ruwa kana murna.

Gaskiyar da ba daɗin ji: inda ya yi ja har reshen ya tsiraita, ba zai sake toho ba. Supurus ba ya fitar da sabon ganye daga tsohon itace. Kankare ɓawon reshen da farce. In cikin kore ne kuma akwai ƙwayar toho a bakinsa, ki bar shi, zai iya farfaɗowa a Mayu mai zuwa. In ya bushe ƙayau, ki yanke shi daga tushe da almakashi mai kaifi. Ramin da zai bari kuwa sai haƙuri, don santimita 5 zuwa 10 kawai yake ƙarawa a shekara. Taki kuma ba maganin mara lafiya ba ne, ƙona saiwa zai yi. Bari sai Afrilu, shi ma ɗan kaɗan.

Bangon nan ma yana cikin matsalar. Gefen da ke jikinsa ba ya samun iska, ga zafin da bango ke amayarwa, ga rufin gida yana tare ruwan sama. Cikin Satumba ki ciro shi da ƙasarsa, ki matsar da shi aƙalla mita ɗaya daga bango, inda zai sha ranar safe. Ramin ya ninka dunƙulen saiwar sau biyu a faɗi, amma zurfin kar ya wuce nata; in kika binne wuyan bishiyar, ruɓewa zai yi. In saiwar ta nannaɗe da siffar tukunya, ki warware ta da hannu. Ki shimfiɗa ɓawon itace mai kaurin santimita 5 a kewaye, kar ya taɓa gindin. Ruwa kuwa, tura yatsa cikin ƙasa, in ta bushe ki ba shi bokiti guda a hankali. Ba ya son ƙishi, ba ya son taɓo.

Ki ci gaba da ban ruwa har ƙasa ta daskare, wannan shi ne abin da yawancinmu ke mantawa. A Fabrairu da Maris rana da iska suna zuƙe ruwan ganye alhali saiwa na cikin ƙanƙara, sai gefen kudu da yamma ya ƙone. Ki kafa sanduna ki ɗaura buhun algarara ta wannan ɓangaren, kar ya manne da ganyen, kuma ban da leda. Dusar da kuka kwashe daga hanyar da aka zuba wa gishiri don narkar da ƙanƙara, kar a jibge masa ita. In maƙwabta na da kare, shi ma fitsarinsa yana ƙona rassan ƙasa.

Af, in wata rana kika ga wani reshe ya ɓullo da dogayen ganye yana tsere wa sauran, yanke shi nan take daga inda ya fito, komawa yake yi ga asalinsa na babbar bishiya.

Ki yi gwajin takardar gobe da safe, ki ɗauko mana hoton cikin bishiyar da na gindinta, mu gani tare. Allah ya raya miki ita.