Ku Tambaya Mu Amsa: Ina Za Mu Kai Yara Su Ga Tarihin Jirgin Ƙasa a Legas?

Tambaya daga wata uwa a Agege: Assalamu alaikum. Yarana uku suna hutun makaranta, kullum jirgi na wucewa ta bayan unguwarmu suna ɗaga masa hannu. Kakansu ya ce a jirgin ƙasa ya zo Ikko daga Kano. Akwai inda zan kai su su ga irin jirgin da ya hau?

Wa alaikumus salam, Hajiya. Akwai, kuma bai yi miki nisa ba. Ki nufi harabar Reluwe da ke Ebute Metta, ki tambayi Gidan Jaekel. Bene ne na zamanin Turawa da aka gina a 1898, mai faffaɗar baranda da manyan tagogi don iska ta ratsa. Da gidan babban manajan reluwe ne, daga baya aka sa masa sunan Francis Jaekel, wani Bature da ya daɗe yana aikin jirgin ƙasa a Nijeriya. Ƙungiyar Legacy 1995, mai adana gine-ginen tarihi, ita ce ta gyara shi a 2010 ya zama ƙaramin gidan tarihi.

Mu faɗa miki tun yanzu, wurin ƙarami ne. Tsofaffin hotuna ne suka fi yawa, sai kayan aikin ma'aikatan da. Wanda ya shiga ba shiri, cikin minti talatin ya gama ya fito yana cewa ba komai. Maganin wannan shi ne ki tafi da kakan. Shi zai tsaya gaban hoto ya ce nan ne Jebba, nan muka sha ruwa a Minna, nan aka kwana a Zariya. In ba zai iya tafiyar ba, yara su zauna da shi daren jajibere su rubuta sunayen tashoshin da ya tuna, su je su neme su a taswira.

Ga abin da za ki ba su a taƙaice. An fara shimfiɗa dogo daga Legas a 1896, ya kai Ibadan a 1901. Wani layin kuma ya taso daga Baro a bakin kogin Neja ya isa Kano a 1911, sannan aka haɗe biyun a 1912. Daga nan gyaɗa da fatu da shanu suka riƙa gangarowa kudu, goro yana haurawa arewa. Zaman Hausawa a Agege ma da goron da dogon ya kafu, don haka tarihin gidanku ne za su gani.

A Agege ki hau jirgin Red Line na gwamnatin Legas da katin Cowry na biyan kuɗin jirgi, ki sauka Oyingbo ko Yaba, sai ki ƙarasa a keke. Ki duba jadawalin tun daren, domin ba kowane lokaci yake tashi ba. Ki kuma tuntuɓi masu kula da gidan kafin ki fita, a tabbatar miki ranar a buɗe yake da abin da ake biya. Yawancin masu dawowa da haushi rashin yin wannan ne ya ja musu. Ki riƙe katin shaida saboda masu gadin ƙofa, da ruwan sha, yara su sa takalmi rufaffe.

Abu ɗaya ba ma wasa da shi: harabar wurin aiki ce har yau. Kada yaro ya taka dogo, kada ya hau tsohon taragon da aka jingine. Ƙarfen ya ci tsatsa, katakon ƙasansa ya ruɓe da damina, ƙafa na iya burmawa. Hoto kuwa sai an nemi izini.

Tambaya daga wani malamin makaranta a Idi-Araba: Ɗalibaina sun tambaye ni me ya sa sabon jirgin Ibadan ba zai bi tsohon dogo ya wuce Kano ba. Yaya zan nuna musu?

Malam, ka tafi aji da tef na awo. Tsohon dogo faɗinsa tsakanin ƙarfe da ƙarfe milimita 1,067 ne, wato ƙafa uku da inci shida. Sabon da aka buɗe a 2021 milimita 1,435 ne. Ka ja layuka biyun da alli a ƙasa, za su ga ratar milimita 368 da idonsu. Ƙafafun jirgi a manne suke da sandarsu, ba sa matsewa ba sa buɗewa, don haka jirgin wannan ba ya hawa dogon wancan. Turawa sun zaɓi siririn ne saboda ya fi araha kuma ya fi iya shan kwana a tsakanin duwatsu. Abin da aka rasa shi ne gudu. Akwai ma wanda ya fi shi sirantaka, layin Zariya zuwa Jos mai ƙafa biyu da inci shida, wanda ya yi jigilar kuza har aka rufe shi a 1957.

Tambaya daga wani ɗan kasuwa a Mile 12: Ana iya zuwa Ibadan a jirgi a dawo rana ɗaya?

Ana iyawa, Alhaji, in ka kama jirgin safe daga tashar Mobolaji Johnson a Ebute Metta ko ta Agege. Tafiyar kusan awa biyu da rabi ce zuwa uku, ana tsayawa a Abeokuta. Ka sayi tikitin dawowa tare da na zuwa. Inda mutane ke tuntuɓe shi ne sabuwar tashar a Moniya take, can bayan gari, alhali tsohuwar tashar tana Dugbe kusa da dogon benen Cocoa House. In tsohuwar kake son gani, ka ware wa motar gari lokacinta zuwa da dawowa, ka koma Moniya da saura awa guda jirgi ya tashi.