Tambayoyinku: Haƙƙin ma'aikacin da ya rasu ko ya nakasa a bakin aiki

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Mijina direba ne a wani kamfanin rarraba kayan masarufi a nan Gombe, kuma Allah ya yi masa rasuwa a hatsarin mota tsakanin Gombe da Kumo yana kan hanyar kai kaya. Ya bar ni da yara uku. Ranar sadakar bakwai manajansu ya zo da shinkafa buhu biyu da kuɗi a cikin ambulan, ya ce gudummawar kamfani ce, daga baya kuma aka aiko mini da wata takarda ta Turanci wai in sa hannu cewa ba na bin su komai. Albashinsa da alawus duka naira 100,000 ne a wata. Wani abokin aikinsa ya ce mini akwai inshora. Shin da gaske ne, kuma in sa hannun?
Daga wata mai karatu a Tumfure, Gombe.

AMSA: Wa alaikumus salam. Malama, Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta, ya raya abin da ya bari. Kada ki sa hannu a kan takardar nan sai wanda kika yarda da shi, kuma ya san doka, ya karanta miki ita daga farko har ƙarshe. Shinkafa da ambulan alheri ne, a gode musu, amma ba su ne haƙƙin marigayi ba, domin haƙƙinsa a rubuce yake cikin dokoki biyu na tarayya.

Ta farko ita ce Dokar Diyyar Ma'aikata ta 2010, wadda NSITF, hukumar da ke kula da asusun diyyar ma'aikata, ke gudanarwa. Ta wajabta wa duk mai ɗaukar ma'aikata, gwamnati ce ko ɗan kasuwa, ya riƙa zuba aƙalla kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin da yake biya a wata cikin wani asusu, daga aljihunsa, kuma ta haramta masa yankar kuɗin daga albashin ma'aikaci. Daga wannan asusu ake biyan wanda ya ji rauni ko ya kamu da cuta saboda aikinsa, da iyalan wanda aiki ya yi ajalinsa. Mijinki ya rasu yana tuƙa motar kamfani da kayan kamfani, don haka babu jayayya a kan cewa a bakin aiki ya rasu. Ko da a hanyarsa ta zuwa aiki daga gida ne hatsarin ya same shi, dokar ta haɗa da wannan. Matar da aka bari da yara biyu ko fiye, wadda dogaronta gaba ɗaya yana kan abin da mijinta ke samu, an ƙayyade mata kashi 90 cikin 100 na albashinsa a kowane wata, mai yaro ɗaya kuma kashi 85. A lissafin da kika ba ni, muna maganar kusan naira 90,000 ke nan duk wata, kuma rabon yara yana ci gaba har su kai shekara 21 ko su kammala digirin farko. Dokar ta kuma ce duk wata yarjejeniya da aka ƙulla don a sa ma'aikaci ko iyalinsa su yafe wannan diyya ba ta da ƙarfi. Duk da haka, gara takardar ta zauna babu hannunki a kai da a koma ana gardama a kanta a gaban alƙali.

Ta biyu ita ce Dokar Fansho ta 2014. Sashe na 4 ya ɗora wa duk ma'aikatar da dokar ta hau kanta wajibcin yi wa ma'aikatanta inshorar rai ta bai-ɗaya, wadda ba za ta gaza ninki uku na albashin shekara ba. Idan duka naira 100,000 ɗin nan suna cikin abin da ake lissafawa, albashin shekara ya zama 1,200,000, ninki uku kuwa 3,600,000, kuma a dunƙule kamfanin inshora ke biyansu ga wanda marigayi ya rubuta. Wannan ba ruwanta da yadda mutum ya rasu, hatsari ne ko jinya, a wurin aiki ko a kan gadonsa, muddin yana cikin ma'aikata a lokacin. Abin da ya fi muhimmanci a gare ki shi ne, idan kamfani ya yi sakaci bai biya kuɗin inshorar ba, dokar ta ce shi zai ɗauki nauyin biyan iyalin. Saboda haka amsar "ba mu sabunta ba" ba ta wanke kowa. Akwai kuma abin da ya tara a asusunsa na fansho, in an buɗe masa, wanda shi ma haƙƙi ne mai zaman kansa.

Wasu kamfanoni, musamman masu direbobi da yawa, sukan ƙara da inshorar hatsari ta ganin dama, wadda ke biya idan mutum ya rasu ko ya rasa gaɓa ta dalilin hatsari kaɗai. Sharuɗɗanta sun bambanta daga kamfani zuwa kamfani, sai a tambaya ko akwai, a nemi ganin takardar.

Abin da ya fi damuna a irin wannan hali shi ne lokaci. Doka ta ba iyali kwana 14 su sanar da mai aiki, ta wajabta wa mai aiki ya kai rahoton rasuwa ga NSITF nan take (idan rauni ne kuma cikin kwana 7), ta kuma ba da shekara ɗaya daga ranar rasuwa a shigar da takardar neman diyya, sai dai in da wani uzuri na musamman da zai sa a ƙara zuwa shekara uku. Waɗannan kwanaki suna tafiya ne a daidai lokacin da gida ke cike da masu gaisuwa, ke kuma kina cikin takaba ta wata huɗu da kwana goma, ga kunyar kada a ce mutum bai daɗe a kabari ba an fara zancen kuɗi. Na fahimci wannan kunya, amma dukiyar marayu ce, kuma bibiyarta amana ce a wuyan manyan gida. Idan kwana 14 sun wuce kada hankalinki ya tashi, domin dokar ta yi sassauci inda mai aiki ya riga ya san abin da ya faru, kuma manajan da ya zo ta'aziyya ba zai ce bai sani ba.

Ki wakilta yayanki ko ƙanin marigayi, wanda kika san zai tsaya tsakani da Allah. Ya tattara takardar shaidar rasuwa daga asibitin da aka kai shi, da rahoton 'yan sanda ko na hukumar kiyaye haɗurra, da takardar ɗaukar aiki, da katin shaidar aiki, da takardun albashi ko bayanin asusun banki da ke nuna shigar albashin, da shaidar aurenku da ta haihuwar yaran. Ya rubuta wa kamfanin wasiƙa yana tambayar lambar rajistarsu da NSITF da sunan kamfanin inshorar da suka yi hulɗa da shi, ya kai kwafi biyu, a buga hatimi da kwanan wata a kan ɗaya ya dawo da ita gida. Kada ya ba kowa takardun asali, hoto kawai zai bayar. Idan aka fara yi masa jeka-ka-dawo, ya je ofishin NSITF da kansa, ya kuma kai ƙorafin inshorar rai ga PenCom, hukumar kula da fansho, ko NAICOM, hukumar kula da inshora. Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ce ke da hurumin irin wannan shari'a, kuma Hukumar Ba da Agajin Shari'a tana tsaya wa marasa hali. Sai dai a nemi shawarar lauya kafin a shigar da ƙara, domin zaɓen kotu a kan wannan rasuwa yana iya shafar neman diyya daga asusun NSITF.

TAMBAYA: Malam, ina aiki a wani injin casar shinkafa a bayan gari, biyan kullum ake yi mini, babu takarda. Bel ɗin inji ya kama hannuna na dama, likita ya cire yatsu uku. Maigidan ya biya kuɗin asibiti ya ce shi ke nan, tunda ni ba cikakken ma'aikaci ba ne. Haka doka ta ce?
Daga wani matashi a Gombe.

AMSA: Sannu, ɗan'uwa, Allah ya ƙara sauƙi. Ba haka doka ta ce ba. Dokar 2010 ta ɗauki mai aikin wucin gadi, da ɗan koyo, da wanda aka ɗauka da baki ba tare da takarda ba, duka a matsayin ma'aikata. Biyan kuɗin asibiti wani ɓangare ne kawai. Wanda ya nakasa gaba ɗaya yana da kashi 90 cikin 100 na albashinsa duk wata, wanda kuma ya rasa wata gaɓa, kamar kai, ana auna yawan abin da raunin ya rage masa na iya neman abinci a biya shi gwargwadon haka, har da taimakon gaɓar roba inda ake buƙata. Wahalarka za ta kasance wajen tabbatar da cewa a can kake aiki, da kuma yiwuwar maigidan bai taɓa yin rajista ba, wanda laifinsa ne a gaban doka. Ka karɓi rahoton likita mai bayyana yatsun da aka cire da ranar da aka kawo ka, ka adana rasit da hotuna, ka riƙe sunayen abokan aikin da suka kashe injin suka ɗauke ka, sannan ka kai maganar ofishin NSITF da ofishin ma'aikatar ƙwadago ta tarayya tun shekara ba ta zagayo ba.

TAMBAYA: A wurin aikinmu an ba mu fom mu rubuta wanda za a biya kuɗin inshora idan mun rasu. Na rubuta ƙanina tun ina saurayi, yanzu ina da mata biyu da yara. Me ya kamata in yi?
Daga wani ma'aikacin banki a Bauchi.

AMSA: Malam, ka je ofishin kula da ma'aikata ka sabunta fom ɗin cikin makon nan, ka rubuta sunayen matanka da 'ya'yanka duka, domin kamfanin inshora sunan da ke kan takarda yake bi, ba ya binciken wanda ke cikin gida. Malamai sun yi saɓani a kan ko wannan kuɗi yana shiga cikin gadon da ake rabawa ko na wanda aka rubuta ne shi kaɗai, don haka ka zauna da malamin da ka natsu da iliminsa, ka rubuta wasiyya a gaban shaidu, ka kuma gaya wa iyalinka inda ka ajiye kwafin. Idan tsarin inshorar kansa ne ke damun zuciyarka, NAICOM ta fitar da ƙa'idojin takaful, wato inshora bisa tsarin Musulunci, tun 2013, kuma akwai kamfanonin takaful masu lasisi da ke yin irin wannan tsari na bai-ɗaya, sai ku haɗu da abokan aikinka ku nemi ma'aikatarku ta duba yiwuwar komawa can idan lokacin sabuntawa ya zo.