Filin Tambaya da Amsa: Dodannin Landan da Aka Gano a Jos

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni haifaffen Jos ne, yanzu shekaruna sun haura sittin. Muna yara, a shekarun 1970, mukan taru a gidan wani maƙwabcinmu mai akwatin talabijin mu kalli wani wasan Turawa na baƙi-da-fari, inda waɗansu dodanni masu gashi buzu-buzu suke bin sojoji a cikin ramin jirgin ƙasa. Na manta sunansa, amma har yau yana raina. Ɗana ya ce mini ya ji an gano wasan a nan Jos, har an fitar da shi a faifai. Shin gaskiya ne? Kuma idan na same shi, zan ji daɗinsa kamar dā? Daga wani mai karatu a Jos.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Ɗanka bai faɗi ƙarya ba. Siffar da ka bayar ta yi daidai da wani labari mai suna The Web of Fear, daga cikin jerin wasan Doctor Who na gidan talabijin na BBC, wanda aka fara nunawa a Ingila ranar 23 ga Nuwamba 1963. Shi wannan labarin na dodanni an haska shi a farkon 1968, kashi shida ne, kuma Patrick Troughton ne ya fito a matsayin Likitan, wato wani baƙo daga wata duniya mai yawo tsakanin zamunna. Dodannin da suka hana ku barci ana kiran su Yeti. A cikin labarin, mutum-mutumin ƙarfe ne da aka lulluɓe da gashi, sun mamaye hanyoyin jirgin ƙarƙashin ƙasa na birnin Landan, suna harba wani abu mai kama da saƙar gizo.

Dalilin ɓatan wasan kuwa abin takaici ne. A wancan zamani BBC tana ɗaukar shirye-shiryenta a kan manyan kaset masu faɗin inci biyu, masu tsadar gaske, saboda haka da zarar an nuna shiri sai a goge kaset ɗin a ɗora wani a kai. Yarjejeniyar da ke tsakaninta da ƙungiyar 'yan wasa ta taƙaita yawan maimaita shiri, ga talabijin mai launi ya shigo ya karya darajar baƙi-da-fari, kuma babu wanda ya yi tsammanin wata rana mutane za su sayi tsohon wasa su kalla a ɗakunansu. Sai a 1978 aka daina wannan goge-goge. Abin da ya ceci wasu kashi-kashin shi ne kasuwanci da ƙasashen waje, domin kafin a goge kaset akan kwafe shirin a kan fim mai faɗin milimita 16 a sayar wa tashoshin ƙetare, wannan tasha ta gama ta miƙa wa waccan, har gwangwanayen da ake ajiye fim ɗin a ciki su ƙare a tasha ta ƙarshe, wadda aka umarta ta mayar ko ta lalata su. Najeriya tana cikin ƙasashen da suka saya, kuma a Jos ba a mayar ba, ba a lalata ba.

A watan Oktoba 2013, ana dab da bikin cikar wasan shekara 50, BBC ta ba da sanarwar cewa wani Bature mai farautar tsofaffin finafinai, Philip Morris, ya gano gwangwanaye 11 a wani ɗakin ajiya na tashar talabijin a Jos, tara daga cikinsu kuma babu kwafinsu a ko'ina a duniya. Huɗu na labarin da ka tuna ne. Biyar kuma na labarin da ya gabace shi ne, The Enemy of the World, inda Troughton ya fito a mutum biyu, Likita da kuma wani azzalumin shugaba mai suna Salamander, a cikin wata duniya da marubutan suka ƙaddara ita ce shekarar 2018. Da wannan, adadin kashi-kashin da suka ɓata ya sauko daga 106 zuwa 97 a lokacin. An gyara hoton, aka fara sayar da su ta intanet nan take, sannan faifan DVD na labarin Salamander ya fito a Nuwamba 2013, na dodanni kuma a Fabrairu 2014.

Sai dai ka shirya wa giɓi guda. Kashi na uku na labarin dodanni bai dawo ba, kuma a nan ne aka fara gabatar da Kanar Lethbridge-Stewart, wanda Nicholas Courtney ya ci gaba da fitowa a matsayinsa shekaru da dama. A faifan 2014 an cike gurbin da hotuna marasa motsi haɗe da sautin asali, domin akwai masoya a Ingila da suka riƙa naɗar muryar wasan a rikoda a gidajensu ranar da aka nuna shi. A 2021 kuma aka sake fitar da shi da zanen katun a madadin hoton da ya ɓata.

Tambayarka ta biyu ita ta fi taɓa ni. Ba zan ɓoye maka ba, idonka na yanzu zai ga abin da idon yaro bai gani ba. Za ka gane cewa mutane ne a cikin rigar gashi suke tafiya da ƙyar, za ka ga 'yan wasa suna zaro ido suna ɗaga murya fiye da kima kamar a dandamali, kuma Salamander yana magana da wani irin karin harshe da aka ƙaƙaba masa. Waɗansu na yau suna kallon irin wannan don su yi dariya kawai. Ni a ganina sun yi asarar rabin abin. Waɗanda suka yi wasan ba su da kuɗi, ba su da kwamfuta, da duhu da inuwa da ƙarar takun sawu suka gina tsoro, kuma sun yi shi da zuciya ɗaya. Ka lura da yadda kyamara take jinkiri a kan bakin ramin da babu kowa kafin wani abu ya motsa. Wannan gwanintar ba ta tsufa ba. Abin da faifai ba zai dawo maka da shi ba shi ne tsakar gidan maƙwabcin nan da cunkoson yaran unguwa, don haka shawarata kada ka kalla kai kaɗai, ka tara 'ya'ya da jikoki, ka riƙa fassara musu.

Wasiƙarka ta tayar mini da wani mikin. In har gwangwanayen Turawa sun kwana kusan shekara 40 a Jos suka fito da ransu, ina namu? Usman Baba Pategi, Samanja mazan fama, ya rasu a 2023, Kasimu Yero kuma tun 2017, amma mai neman wasanninsu a yau gutsattsari kawai yake samu a YouTube, hoto dishi-dishi, sauti yana rawa. Gyaran kuwa mai yiwuwa ne, tunda fim ɗin Shaihu Umar na Adamu Halilu, na 1976, an farfaɗo da shi da haɗin gwiwar Hukumar Finafinai ta Najeriya, mai hedikwata a nan garinku, har aka nuna shi a bikin finafinai na Berlin a 2018. Kaset yana lalacewa da zafi da danshi, na'urorin kunna shi kuma suna ƙarewa. Duk mai karatun da ke da tsohon kaset na irin waɗannan wasanni a akwati, ko ya san tsohon ma'aikacin tasha da ke da shi, ya ajiye shi a wuri mai sanyi da bushewa, kada ya cusa shi a na'urar da ba a gwada ba, ya kuma rubuto wa wannan fili domin mu buga sanarwa.