Amsa: Ƙuguna ya riƙe bayan ɗaga buhu

Sannu ɗan'uwa, Allah Ya ƙara sauƙi. Ka ce tun da ka ɗaga buhun masara ƙugunka ya riƙe, ko sai an yi hoto? A ganina ba yanzu ba. Yawanci tsoka ce, takan saki cikin mako 6. Kada ka lafe a gado; riƙa ɗan tattaki, kana gasa wurin da tsumma mai ɗumi. Ibuprofen na taimakawa, amma ban da mai gyambon ciki ko ciwon ƙoda.

Amma fa in ƙafa ta fara mutuwa, ko ka daina jin taɓi tsakanin cinyoyinka, ko fitsari ya ƙi fita, don Allah ranar ka tafi asibiti. Haka ma zazzaɓi da rama, domin tarin fuka yakan kama ƙashin baya.